Shekarar da Na Gyara Hita a Tsakiyar Bazara

Azumin bana ya faɗo cikin zafi. Tun hantsi bango yake ɗaukar wuta, zuwa azahar kuwa ko kaza ba ta yarda ta ratsa tsakar gida. Ranar sha ɗaya ga wata ɗana Nura ya zo daga Malumfashi, ya fito daga mota sharkaf da gumi kamar shi ya turo ta. Wai esin motar, wato na'urar sanyaya cikinta, ta daina sanyi. Sau uku yana kai ta gareji, sau uku ana ɗura mata gas. Bakaniken ƙarshe har wata 'yar kwamfuta ya jona, ya daɗe yana kallonta kamar mai duba a ƙasa. Na ce ya buɗe mini akwatin fis. Na zaro na fankar gaba, na ɗaga shi a rana. A ƙone yake. Abin da ake fara dubawa ke nan, kuma shi ne abin da gareji uku ba su duba ba.

Ban yi masa faɗa ba. Na koma kan tabarmata, sai wani azumin ya dawo mini, na shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, wanda shi ma ya faɗo daidai irin wannan lokaci.

A lokacin ina ƙauyenmu, Unguwar Tofa, bayan Maska. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri. Dawa ta fitar da kai amma ba ta cika ido ba, masara kuma rabinta ta bushe a tsaye. Kowa ya san abin da ke rumbunsa, kowa ya rage mudu. Da yunwa kaɗai ce da mun iya da ita, don ba baƙuwarmu ba ce. Ruwa ne ya ƙare. Rijiyoyinmu uku. Ta masallaci ce ta fara ƙafewa, sai ta ƙofar gidan mai unguwa, sai ta bakin fadama. Kafin a ga wata, mata sun koma kankaro laka da ƙoƙo daga gindin rijiyar fadama, su zuba a tulu su jira ta kwanta. Liman ya ce a yi taimama, a bar abin da aka samu don sha da girki.

Kawuna Alhaji Bawale, ƙanen mahaifiyata, shi kaɗai ke da mota a garin. Tsohuwar akori-kura ce da muke ɗaukar auduga da hatsi zuwa kasuwannin Funtuwa da Bakori, ni ne direbanta. Dattawa suka same shi, ya ba da ita a riƙa ɗebo ruwa daga madatsar da ke kusa da Funtuwa. Ni na tsara aikin, domin in an bar wa mutanenmu tsari sai azumi ya ƙare ba su gama gardama ba. Duro shida a baya. Sawu uku a rana. Magidanta huɗu kullum, bi da bi, su ne masu guga a bakin ruwa. Sawun safe na gidajen gabas, na azahar na tsakiyar gari da dabbobi, na la'asar na gidajen yamma. Kowane gida ya jera tulunansa a ƙofar masallaci, ba mai tsallake wani. Kwana huɗu abin yana tafiya daidai.

Rana ta biyar allurar zafin inji ta fara hawa.

Tsakanin madatsa da gari akwai wani dogon hawa mai tsakuwa, ba bishiya ko ɗaya a gefensa. Da kaya a baya sai da giya ta biyu ake cinye shi. A ranar ban kai rabinsa ba allura ta shiga ja, tururi ya fito ta ƙarƙashin bonet. Na tsaya. Muka zauna a inuwar motar kusan awa guda har ta huce, sannan muka buɗe duro muka ɗura mata ruwan da muka ɗebo wa mutane. Kafin mu isa gari ta sake yi. Washegari ta yi sau uku a sawu ɗaya. Sawu uku ya koma biyu, kuma kowanne motar ke shanye rabin duro. Mutum huɗu masu azumi, leɓe ya tsage, yawu ya zama kamar ƙaro a baki, suna tsaye suna kallon ƙarfe yana kwankwaɗar ruwa. Gidajen yamma suka yi kwana biyu tulunansu na jere ba ko ɗigo. Da lakar fadama da aka tace da ɗankwali suka sha ruwa.

Na bi ta garejin Ɗanlami a Funtuwa. Shi ne bakaniken motar, kuma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, har ya rubuta a jikin bango da baƙin mai. Watanni kafin nan lagireto ya yi ɗan yoyo, Kawu ya kai masa ina gona, ya dawo yana yabon cewa ko minti goma gyaran bai ɗauka ba. Na buɗe murfin lagireto na tsoma yatsa. Wani abu kore mai yauƙi ya biyo.

"Injiniya, me ka zuba a nan?"

"Magani ne, Malam Idi."

"Wane iri?"

"Garin kuka. Cokali uku kacal. Ai ka ga yoyon ya tsaya."

"Ya tsaya. Ruwan ma ya tsaya. Miya ka kaɗa mini a cikin inji, saura daddawa."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa nake. Na tambaye shi mafita. Ya ce a cire bonet gaba ɗaya motar ta riƙa shan iska. Da ya ga fuskata, sai ya ce to a kwance lagireton a kai Zariya a fasa a wanke, kwana huɗu in an yi sa'a. Kwana huɗu. Mutumin da famfo ke zuba a bayan garejinsa shi ke ce mini gari ya yi kwana huɗu ba ruwa. Na rufe bonet na tafi, ko sallama ban yi masa ba.

A hanya na tuna wata magana ta Baba Audu, tsohon direban da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa. Ya taɓa nuna mini wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gaban mota, daidai saitin gwiwar fasinja, ya ce hita ke nan, kuma ba komai ba ce illa ƙaramin lagireto. Ruwan zafi daga inji yana ratsa ta, fanka tana hura shi, zafin ya fito cikin mota, ruwan ya koma inji ya ɗan huce. Ya ce duk ranar da inji ya yi zafi a hawa, ka buɗe hita ka ɗauke masa rabin kayan. Mu a nan ba wanda ke taɓa ta. Tun da na karɓi motar ban taɓa jin ta yi aiki ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Na gaya wa Kawu abin da zan yi. Ya daɗe yana kallona.

"Idi, azumin ne ya taɓa ka?"

"A'a, Kawu."

"Mota tana kukan zafi, kai kuma za ka gyara abin ƙara zafi."

"Ka ba ni tsakanin sawun safe da azahar, kwana biyu."

Ya ce in yi abin da na ga dama, amma in na ƙona masa inji ni da Allah.

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci na yi aikin, don ita ce inuwa mafi kauri a garin. Nan kuma majalisar masu kwana take. Sharar gona ta tsaya saboda zafi, ba mai kai taki sai da sanyin safiya, saboda haka daga hantsi zuwa la'asar magidanta na baje a tabarmi, kowa ya tuɓe riga ya rufe fuska da hula. Shugabansu wajen baki shi ne Tanko Maiwaƙa, wanda bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa amma ba ciwon motar da bai san maganinsa ba.

"Jama'a, a tashi a ga abin mamaki," in ji shi. "Malam Idi yana jin sanyi."

Na ci gaba da aikina. Ni ka'idata ɗaya ce: a fara da abin da ya fi kusa da hannu, a gama da shi, sannan a matsa gaba. Ba a tsallake, ba a kuma taɓa abu biyu lokaci guda, don in ya gyaru ka san wanne ne.

Na farko, wuta. Na murɗa makunnin fanka, shiru. Na buɗe akwatin fis, na tarar wani ya naɗe na hitar da takardar kwalin taba, ita ma ta ƙone ta manne. Na kankare wurin, na sa sabo. Na murɗa. Har yanzu shiru.

Na biyu, fankar kanta. Sai da na kwanta rigingine a ƙasan kujera, ƙafafuna a waje, ƙarfen motar yana gasa mini baya, na kwance kusoshi shida. Da na zaro ta, auduga ce ta fara zubo mini a fuska, sai ɓawon gyaɗa, sai kashin ɓera. Shekaru muna ɗaukar auduga, ɓeraye suna ɗaukar nasu rabon suna gina gida a ciki. Na share ta da tsinken tsintsiya, na ɗiga mata mai, na jona ta kai tsaye da batir. Ta yi ƙara kamar tsohuwa mai tari, sannan ta juya. Na mayar da ita. Iska ta fito, amma iskar gari ce, ba ta fi ta waje zafi ba.

Na uku, ɗan hannun da ake turawa daga shuɗi zuwa ja. Na tura shi, ya tafi sakwaf ba nauyi. Wannan alama ce ba abin da yake ja. Na bi wayarsa da yatsa har zuwa ɗan famfon da ke buɗe wa ruwan zafi hanya, na tarar ta tsinke tun tuni, tsatsa ta cinye bakin. Na ciro wayar birkin tsohon kekena na maye gurbinta. Ɗan famfon ya cije, sai da na jiƙa shi da kananzir na riƙa motsa shi da filaya a hankali kafin ya saki.

Na huɗu, tiyo biyu da ke kai ruwa hita su dawo da shi. A nan na ga aikin Injiniya na biyu. An yanke su duka, an cusa totuwar masara a kowane baki, an ɗaure da robar taya. Daga baya na tambaye shi, ya ce ai hita ta ƙasar Turawa ce, a nan ba ta da amfani sai jawo yoyo. Irinsu haka suke: abin da ba su gane ba sai su yanke shi. A sawun azahar na tsaya bayan wani gidan gurzar auduga inda gawar wata mota irin tamu take, na roƙi mai gadi na ciro tiyo biyu.

Na biyar, akwatin hitar. Na kwance shi, na sa famfon keke a baki ɗaya na buga. Ko huci bai fito ta ɗaya bakin ba. Laka da tsatsa sun daskare a ciki. Abu mai tsami nake buƙata, kuma tsami ɗaya ne a garin.

Na shiga gida bayan la'asar. Matata Hajara tana tankaɗen gero a gindin turmi, ruwan girkinta gaba ɗaya bai cika ƙwarya biyu ba. Tsamiyarta tana rataye a cikin ɗaki, curi uku, ta ajiye tun kaka don kunun shan ruwa.

"Tsamiyar nan nake so."

"Wane ne ba lafiya, Malam?"

"Mota."

Ta ajiye rariya. "Mota ce za ta sha kunu?"

"Wanke mata ciki zan yi."

"To ai sai ka kai mata ƙosai ma, kada ta sha haka nan." Ta shiga ta ɗauko biyu, ta riƙe na ukun a bayanta. "Wannan ko Sarkin Maska ne ya aiko ba zan bayar ba."

Na jiƙa su da kauri, na tace, na ɗura a akwatin na toshe bakunan ya kwana. Da safe na buga famfo. Sau huɗu ba komai. A na biyar wani baƙin gudaji ya yi tsalle ya fito, sai jan ruwa mai wari ya biyo. Na yi ta ɗurawa ina bugawa har ruwa ya fito fes. Babban lagireto kuwa ban taɓa shi ba, domin kukar da ta toshe shi ita ce kuma ta riƙe ramin yoyon. In na wanke ta, na buɗe wani ciwon.

Na shida kuma na ƙarshe, iska. In ka jona sababbin tiyo iska takan maƙale a ciki ta hana ruwa zagayawa, kuma a nan masu gaggawa suke cewa gyara bai yi ba. Na hau da ƙafafun gaba kan tudun juji don hancin motar ya ɗaga, na buɗe murfin lagireto, na tayar da inji. Kumfa ta riƙa fitowa ɓul, ɓul, ina ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ta daina. Na taɓa tiyo na farko, zafi. Na taɓa na biyu, shi ma zafi. Na zagaya na tura hannun zuwa ja, na murɗa fanka har ƙarshe. Iskar da ta bugi fuskata kamar an buɗe bakin tanderu.

Tanko ya taso ya miƙa hannu ta taga, ya janye da sauri.

"Allahu akbar, ya yi nasara! A kawo masa bargo, a haɗa masa da garwashi!"

Majalisa ta kwashe da dariya, har da waɗanda matansu ke tace laka da ɗankwali.

Sawun safe da na azahar an riga an yi su a wahale kafin in gama. Saura na la'asar, na gidajen yamma, wanda aka kwana huɗu ba a yi ba. Kawu ya ce zai bi ni ya ga abin da aka yi wa motarsa. Ya shiga gaba da babbar rigarsa, masu guga suka hau baya. Da tafiya ba kaya, ban kunna komai ba. Aka cika duro shida, aka ɗaure. Muna barin bakin ruwa na tura hannun zuwa ja.

Ba zan ɓoye ba, azaba ce. Tagogi a buɗe, amma iskar waje ma wuta ce, ta ciki kuma ta fi ta. Zafin a ƙafa yake fara sauka. Takalmin robana ya yi laushi, yatsuna suka riƙa zogi kamar na taka toka. Gumi ya zubo har ya daina zubowa. Harshena ya manne a ganɗa. Ga ruwa duro shida yana ƙara a bayan kaina, ga rana da sauran tafiya kafin ta faɗi. Allura kuwa tana tsaye a tsakiya, ko motsi.

Kawu ya cire hula ya yi fifita da ita. Ya naɗe ƙafafu ya ɗora a kan kujera. Da muka hango hawan, ya ce, "Kashe abin nan."

"Kawu, hawa ne a gaba."

"Na ce ka kashe. Motata ce ko taka? Kashe mu za ka yi da azumi a baki?"

Ban yi musu ba. Ba a musu da kawu, kuma akwai abin da baki ba ya koyarwa. Na mayar da hannun shuɗi, na kashe fanka, na sa giya ta biyu. Ya sauke ajiyar zuciya ya miƙe ƙafa.

Ba mu ci kashi ɗaya cikin uku na hawan ba allura ta motsa. Na ga Kawu ya gan ta. Ta wuce tsakiya. Ta kama hanyar ja a hankali, kamar mai zuwa gidan da ya saba. Warin ƙarfe mai zafi ya fara shigowa. Ɗaya daga masu guga ya buga rufin mota ya ce, "Malam Idi, ta fara!" Na riƙe sitiyari da hannu biyu, idona a kan hanya. In ta tafasa a nan, awa guda ce ta jira da rabin duro, kuma sai bayan magariba za mu shiga gari. Kawu ya san wannan kamar yadda na sani.

Ya dubi allura. Ya dube ni. Ban juya ba.

Sai ya miƙa hannunsa na dama, mai zoben azurfa, ya tura hannun hitar har ƙarshen ja. Ya lalubi makunnin fanka bai same shi ba, ya ce cikin faɗa, "Ina ɗayan yake?" Na nuna masa da haɓa. Ya murɗa.

Wutar ta dawo mana. Allura ta tsaya dab da ja, ta yi kamar tana shawara, sannan ta fara sauka. Muka cinye hawan ba mu tsaya ba. Kawu ya ɗora ƙafafu a kujera, ya rufe ido, leɓunansa suna motsi.

Rana ta yi ja muka shiga Unguwar Tofa. Tulunan gidajen yamma suna nan a jere inda suka kwana huɗu, matan na zaune a gefensu. Aka kwance igiya, aka buɗe duro ɗaya bayan ɗaya. Shida, kowanne cike har wuya. Aka fara daga tulun farko kamar yadda aka tsara, aka bi layi har gidan ƙarshe, ya ma rage na alwalar liman.

Kawu ya sauko da ƙyar, rigarsa ta manne a jiki kamar an tsamo shi daga kogi. Tanko ya taso daga tabarma yana murmushi.

"Sannu da hanya, Alhaji. An dai ji ɗumi?"

Kawu ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, sannan ya dube shi sama da ƙasa.

"Gobe sawu uku ne, Tanko. Kai za ka raka shi duka ukun. Kuma gaba za ka zauna."